Kanwarsu a tukunyarmu, ruwanmu a fadamarsu

Tun ina yaro nake ganin 'yar ƙwaryar kanwa a ɗakin girkin Inna, amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina daga ina abin nan yake zuwa ba. In za'a yi ɗanwake a jiƙa kanwa, wake ya ƙi nuna a jefa masa 'yar kanwa, miyar kuɓewa in ana so tayi yauƙi kanwa, mai jego kuwa ba'a ma magana, kunun kanwa ne har tayi arba'in. Bafulatani ma in ya shigo gari cin kasuwa baya komawa ruga sai da kanwar da shanunsa zasu lasa. Abu ne da yake cikin cikinmu kullum amma bamu san ƙasar da take haifarsa ba, kuma ni abin ya dameni ne lokacin da yayata ta haihu a cikin sanyin da ya wuce, Inna ta aikeni Muda Lawal gurin Kawu, ƙaninta, na karɓo mata jar kanwa mai kyau.

Kawu ya daɗe a harkar nan, kanwa da bandar kifi da tabarmin kaba su yake sarowa daga arewacin Yobe tun kafin a haifeni. Yana auna min nace, "Kawu wai kanwar nan a ina ake haƙo ta ne?" Ya ɗago ya kalleni yace, "Yaro, ba'a baka labarin can da baki. Sati mai zuwa zan tafi sari, in ka samu hutu ka shirya mu tafi, gani ya kori ji." Haka kuwa akayi, kwana 5 mukayi, kuma tun da na dawo abin yake cina a rai shi yasa nace bari in rubuta.

Bayan asuba muka bar Bauchi, Darazo, Kari, muka karya a Potiskum gurin wani mai shayi kusa da tasha, tirelolin shanu sai wucewa suke, dama kasuwar shanun garin tana cikin manya a duk Afirka ta Yamma. Daga nan muka karkata arewa ta hanyar Jakusko. To a nan ne in kana kallon taga zaka ga ƙasa tana canja kaya a gaban idonka. Duwatsun nan namu na Bauchi tun tuni an barsu a baya, ɗorawa da kaɗanya sun ja baya, sai aduwa da magarya da gawo da kuka jefi jefi, sai ƙayoyi, can gaba kuma goruba ta karɓe. Gonakin ma haka, karan masara ya ɓace, sai gero da wake da riɗi da guna. Dalilin ba ɓoyayye bane, ruwan sama ne. Mu a garin Bauchi muna samun kusan milimita 1,000 a shekara, su can wajen Nguru da Yusufari da ƙyar suke ganin rabin haka, damunar ma wata 3 ce in tayi auki, shekarar da ta zo da gardama kuma ko haka bata kaiwa.

Shi yasa abin ya bani mamaki da muka iso Gashuwa. Bayan duk wannan bushewa da ƙurar hunturu sai ga kogi, ga kore shar a gefensa, injinan ban ruwa suna ta ƙugi, albasa, tattasai, alkama, yara suna wanka, wani mutum kwance a kan babbar gora yana tura kansa da hannu yana duba komarsa. Kawu yasa direba ya tsaya bayan gada muka sauka. Ya nuna min ruwan yace, "Ka gane shi?" Nace a'a Kawu. Yace, "Ruwan garinku ne. Wanda kake tsallakawa a gadar Jama'are in zaka Kano daga Azare, shi ne wannan, ya riga mu isowa ne kawai."

Wallahi na daɗe a tsaye a gurin.

Abin da yake nufi shi ne, kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratso ta ƙasar Ningi inda ake ce masa Bunga, ya wuce Jama'are, Itas, ya bi ta ƙasar Zaki ya fita daga jiharmu. Shi kuma kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake zuwa. Da suka shigo wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tudun rairayi sai suka rasa hanya ɗaya miƙaƙƙiya, suka rarrabu rassa rassa suna zagaya jigayi, suna malala ko ina, wannan malalar ita ce fadamar Haɗeja da Nguru da ake faɗa. Kafin Gashuwa sai su sake haɗuwa su zama kogi ɗaya, Komadugu Yobe, wanda jihar ta samo sunanta daga gare shi da aka ƙirƙirota a 1991. Ya wuce Geidam, ya zama iyaka tsakaninmu da Nijar, ya shayar da gonakin tattasan Diffa da ake kawo mana a buhuna, har ya faɗa tafkin Chadi wajen Bosso da Malam Fatori. Harda kogin Misau ma, wanda su suke kira Komadugu Gana, shima daga ƙasar Bauchi ya taso, can gaba yaje ya haɗu dasu. Wato ruwan da ya sauka a kan duwatsunmu shi mutanen can suke jira, su sama bata basu isasshe ba, ta ƙasa Allah yake aiko musu, kuma ta gidanmu yake bi.

Kuma ka ga yadda suke cin moriyar ruwa ɗaya sau uku sau huɗu. In ambaliya ta zo wajen watan 8 da 9 an riga an shuka shinkafa tana jiran sa, kifi ya biyo ruwan ya shiga cikin ciyawa ya hayayyafa. In ruwa ya fara janyewa masunta su tare bakin rassa da dumba da gurar mali, tarwaɗa, karfasa, bargi, gaiwa, kurungu, mata su yi ta banda a kan waya hayaƙi na tashi, a shirya a kwalaye a loda sai kudu. Inda ruwan ya bari da laima a shuka wake da kankana ba ruwan kowa da ban ruwa. In an cire amfani kuma makiyaya su sauko da shanu daga tudu su ci ciyawar rani, su bar taki. Manomi, masunci, makiyayi, mai sassabo kaba, fili ɗaya amma kowa da lokacinsa. Badawa sun gina rayuwarsu kaf akan wannan zuwa da komawar ruwa, har bikin kamun kifi suke yi a Gogaram wanda Mai Bade yake halarta. Tsuntsaye ma sun san da gurin, daga Turai suke ƙetaro Sahara su yi sanyinsu anan, shi yasa aka killace tafkin Dagona dominsu, har mijin Sarauniyar Ingila Yarima Filip ya taɓa zuwa gurin a 1989.

A Gashuwa muka kwana gidan wani abokin cinikin Kawu, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi wanda har yanzu ina jin ɗanɗanonsa. Washe gari muka nufi Yusufari.

Har Yusufari akwai kwalta, amma daga nan in zaka shiga ciki gurin kanwa sai dai ka bar motarka ka hau irin tsofaffin jif ɗin nan masu jan ƙafa huɗu, direba ya sauka ya rage wa tayoyi iska sabida kar su nutse, mutane a sama kaya a ƙasa, ba titi ba alama, shi kaɗai ya san wace goruba ce in ya gani zai karya hagu. Sau biyu muna kafewa, kowa ya sauko a tone rairayi da hannu a shimfiɗa kaba a ƙarƙashin taya a tura. Muna hanya muna wuce raƙuma da amalanken shanu ɗauke da buhuna. Sai tudun rairayin suka fara bayyana, jajaye jajaye, wani ya fi gidan sama tsayi, iska ta zana musu layi layi kaman an shara da tsintsiya. Wannan ita ce ƙasar Mangawa, 'yan uwan Barebari, kuma haka take a miƙe har cikin Nijar wajen Maine Soroa, iyakar ma ba zaka san ka zo kusa da ita ba sai an faɗa maka. Tulo-Tulowa da mutane suke ɗora hotunanta a Facebook suna cewa kaman Dubai anan take, haka Bulatura wadda aka saka cikin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi.

Amma hoto baya nuna abin da ya fi muhimmanci. Zaka hau tudu kana haki ba komai sai yashi, kana kaiwa ƙololuwa sai ka hango ƙasa, wani kwari zagayayye kaman akushi, kore fatau. Ka gangara. Da farko goruba ce ta kewaye shi kaman katanga, cikinta dabino, sai 'yan lambuna na rogo da dankali da albasa da tumatir harda rake, sabida ruwa a nan kusa yake, rijiyar da na leƙa guga bata yi wani nisa ba ta taɓo shi. Sai tsakiyar kwarin, can ƙasa inda ba abin da yake tsirowa, fili fari tas kaman an baza gari. Kawu yace, "To ga kanwar Innarka."

Na durƙusa na taɓa. Sama sama ɓawo ne mai ƙaras ƙaras, in ka taka yana fashewa a ƙarƙashin takalmi, ƙasansa kuma danshi ne baƙi mai santsi. Na ɗanɗana a harshe, ita ce dai, ɗacin nan da kowa ya sani. Wani dattijo da Kawu yake saye a gurinsa shekara da shekaru shi ya min bayani da Hausarsa mai karin Barebari. Da damuna ruwa yana tasowa ya kwanta a tsakiyar kwarin ya narkar da abin da ke cikin ƙasa, in rani ya shigo rana da iskar hunturu su shanye ruwan, kanwar ta fito sama ta daskare. Su kuma su bi da fartanya suna kankarewa suna tarawa tsibi tsibi, wannan ita ce gari, ta dabbobi, in an tona ƙasa kuma a samu mai dunƙule wadda ta fi tsada, fara daban ja daban. In an kwashe a bar gurin ya huta wata ta sake fitowa. Mata da yara ne suke jidowa a kai zuwa bakin kwari inda ake ɗurawa a buhu. Na kalli ƙafafunsu, duk faso ne, hannuwa sun yi fari sun tsattsage sabida kanwa tana cin fata, ba safar hannu ba takalmin roba, wani yaro da bai fi shekara 12 ba ya ɗaure diddigensa da tsumma yana ɗingishi da kwano a ka.

Nan fa jikina yayi sanyi, sabida na san nawa Kawu yake sayar da mudu a Muda Lawal, na kuma ji da kunnena nawa aka yi cinikin buhu a bakin kwarin. Ba Kawu ne yake cinye tsakanin ba, na gani da idona, kuɗin jif daga kwari zuwa Yusufari kaɗai ya kusa kuɗin kayan, ga lodi ga sauki, ga mai, ga shingaye a hanya kowanne da abin da za'a ajiye masa. Amma duk yadda aka lissafa, wanda fatarsa take tsagewa shi ne mai ƙaramin rabo. Kuma kanwar nan ba a Arewa kaɗai take tsayawa ba, har kudu ake lodinta, Yarbawa suna ce mata kaun, Inyamurai akanwu, duk da ita suke girki. Sana'a ce da ta girmi Najeriya, tun zamanin daular Borno fatake suke zuwa da jakuna da takarkarai suna ɗaukar kanwa da mangul daga ƙasar Manga zuwa Kano da Katagum da Nupe, sarakai suna karɓar rabonsu. Ɗaruruwan shekaru, amma har yau fartanya ce da kwano.

Da muka zauna shan ruwa a inuwar dabino na tambayi dattijon, "Baba, mene ne ya fi damunku a nan?" Ban rufe baki ba ya miƙe yace in biyo shi. Muka zagaya ta gefen gabas maso arewa inda iska take bugowa. Ya nuna min wasu ganyen goruba da suka fito daga cikin rairayi kaman ciyawa, yace, "Ɗana, wannan ba tsiro bane, kan bishiya ne. Ina saurayi sai na hau nake ciro 'ya'yanta. Ƙarƙashin inda kake tsaye lambun mahaifina ne, da rijiyarsa." Tudun ya gangaro ya cinye gefen kwarin gaba ɗaya, a hankali, kowace shekara taku kaɗan. Sun kakkafa darni na kaba da ƙaya a kan tudun don su rage masa gudu, wani gurin ya riƙe wani gurin yashi ya haye ta kai. Yace akwai garuruwan da suka tashi gaba ɗaya, kuma samarinsu da yawa suna Legas da Fatakwal suna acaba da gadi, ko suna nan cikin garuruwanmu suna tura baro da ga-ruwa.

Mu a Bauchi in ance kwararowar hamada sai mu ɗauka maganar rediyo ce, alhali jiharmu da Gombe duk suna cikin jihohi 11 da aka lissafa a sahun gaba a shirin nan na katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince dashi a 2007. Duk wanda yake bin hanyoyinmu yana ganin buhunan gawayi jere a bakin titi kaman ba gobe. Ni dai tun da na tsaya akan lambun mahaifin mutumin nan, in na ga motar gawayi gabana faɗuwa yake, wanda gemun ɗan uwansa ya kama wuta ai ba sai an ce masa ya nemi ruwa ba.

Akwai kuma ƙaro, wanda ban taɓa sanin darajarsa ta kai haka ba. Mu abin da muka sani a haɗa tawadar allo dashi, ko masu wankin hula su sa don ta tsaya. A can dukiya ce. Bishiyar dakwara ake ɗan ɓare wa ɓawo bayan damuna, in sanyi ya kama sai ta fitar da hawaye su daskare kaman ƙwallon alewa, a bi da kwano ana tsinka. 'Yan kasuwa su saya su tace su kai Kano, daga can sai waje, a saka shi a lemon kwalba da alewa da magunguna. Sudan ce kan gaba a duniya, mu da Chadi muna biye, kuma Yobe tana cikin inda ya fi fitowa a ƙasar nan, har tashar binciken ƙaro gwamnatin tarayya take da ita a Gashuwa. Abin da ya burgeni da dakwara, bata son ruwa da yawa, saiwarta tana riƙe ƙasa, tana ƙara wa gona ƙarfi, ga kuɗi a jikinta. In da za'a tsaya a kan farashinta yadda manomi zai ga riba, ba sai an roƙe shi ya dasa ba, kuma ba zai sare ta yayi itace ba.

Matsalar tsaro kuwa ta taɓa kowa. Kawu yace da har Geidam da Kanamma yake shiga sari, shekarun da abin yayi tsanani ya daina, kasuwanni suka mutu, sannan rufe boda na 2019 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023 suka ƙara dagula lissafi, don mutanen nan kasuwarsu ɗaya ce da 'yan uwansu na tsallake, rago daga can gero daga nan.

A dawowa muka biyo ta Nguru don ɗaukar kifi da tabarmi. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, a 1930 layin dogo ya iso daga Kano, tafiyar kusan kilomita 230, shekara 31 kenan kafin mu a Bauchi mu ga namu a 1961. Nan ne ƙarshen layi, don haka duk gyaɗa da fatu da kiraga da ƙaro da kanwa da busasshen nama na wannan yanki har daga Nijar nan ake tarawa a loda a wancan zamanin. Har yanzu tsofaffin sito sito na kamfanonin Turawa suna nan kusa da tasha sun yi shiru. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba, kachalla ce.

Kachalla wata ciyawa ce ta ruwa, doguwa ta fi mutum tsayi, mai kai kaman gero. In ka fita bayan gari wajen tafki iya ganinka ita ce, kore har ƙarshen ido, baƙo zai ce albarka ce. Wani masunci da ya ɗaukemu a kwalekwale ta wata 'yar siririyar hanya da suka sassabe da lauje, ciyawar tana gogar kafaɗunmu dama da hagu, yace min, "Malam, nan da kake gani gonar shinkafa ce da, nan kuma da jirgi muke bi har ƙauyen gaba." Ta cinye gona, ta toshe hanyar ruwa, raga bata shiga, ga sauro, ga tsuntsayen jan baki da suke kwana a ciki dubbai su fito da safe su sauka akan gero da shinkafar mutane.

Kuma ba haka kawai ta zo ba, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun gurin shiga. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da yake shiga kogin Haɗeja. Da can kogin yana cika ya tumbatsa da damuna, ya wanke hanyarsa da ƙarfi, da rani kuma ya bushe ƙaƙas duk ciyawar da ta tsiro ta mutu. Yanzu babbar ambaliyar an tare ta, sai ruwa kaɗan kaɗan da ake saki duk shekara ba yankewa, to irin abin da kachalla take so kenan, ruwa mara zurfi wanda baya ƙafewa. Ta tsiro, ta tare laka, tsofaffin rassan da suke kai ruwa Gashuwa suka cushe, ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya taru a Nguru. Sai ya zama wasu ruwa ya musu yawa ya cinye gona da gida, wasu kuma a ƙasa suna kallon sama. Filin da ambaliya take rufewa a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 ya haura murabba'in kilomita 2,000, daga baya da dam da farin 1973 da na 1984 suka haɗu akwai shekarun da ko rabin haka bai samu ba. A shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya, shi ne na farko a Najeriya, amma takarda bata sare ciyawa.

To anan ne maganar ta dawo gida, don kogin Jama'are shi ne babban da ya rage ba'a tare shi ba, shi yake kai musu ambaliyar gaske har yau. Kuma duk ɗan Bauchi ya san Kafin Zaki, dam ɗin da ake son ginawa a kan kogin nan. Tun zamanin Shagari aka fara, aka tsaya bayan sojoji sun karɓi mulki, aka sake tado shi zamanin Babangida aka sake tsayawa, kuma duk kakar zaɓe sai an ɗaga mana shi. An tsara zai riƙe ruwa kubik mita miliyan 2,700, ya fi Tiga, a noma hekta wajen 120,000. Ni kaina na sha yin musu a majalisarmu ta unguwa ina cewa 'yan Yobe da Borno hassada ce tasa suke adawa dashi, ruwanmu ne a ƙasarmu. Kuma har yanzu ban ce buƙatarmu ƙarya bace. Matasanmu ba aiki, kuma wanda ya ga abin da ambaliyar 2022 tayi wa Zaki da Gamawa, ko yadda ta 2024 ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, ba zai ce kar a yi wa kogin nan linzami ba.

Amma yanzu na ga inda ruwan yake zuwa, na ci tuwon da aka noma dashi. Tun farkon shekarun 1990 masana irin su Edward Barbier suka zauna suka lissafa abin da fadamar nan take bayarwa, shinkafa da kifi da itace da kiwo, suka gwada da abin da ruwa daidai wannan yake bayarwa a aikin ban ruwa na Kano, suka samu na fadama ya ninka shi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce arzikin fadama a warwatse yake a hannun talakawa, kwano kwano, kwali kwali, ba mai yanke masa kyalle a kira 'yan jarida. Ni ra'ayina, in har za'a gina Kafin Zaki to a gina shi da ƙofofin da zasu iya sakin ambaliya ta gaske a lokacinta, a kuma bar kogin ya bushe a lokacin da ya saba bushewa, a rubuta adadin a takarda jihohin su sa hannu kafin a zuba kankare ko shebur ɗaya. Ai akwai inda za'a zauna, tun 2006 jihohi 6 da suke shan ruwan nan, Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusu na haɗin gwiwa don kula da kogunan. Kuma a zaman a kira masunci da mai shinkafa da ardo, ba masu manyan riguna kaɗai ba. In kuwa za'a yi irin na Tiga ne a toshe a manta da na ƙasa, to ni kam na janye bakina daga masu kira a yi, don mutanen da zasu taso in fadamar ta mutu ba wani guri zasu je ba, nan zasu zo, Azare da Misau da Bauchi, kuma kifin da shinkafar da muke saye da sauƙi su ma zasu tafi tare da ita.

Ta Haɗeja muka biyo muka faɗo Azare, motar ta yi nauyi da buhunan kanwa a ƙasa, kwalayen kifi a sama, tabarmi a ɗaure ta gefe. Da muka zo tsallaka kogin Jama'are na roƙi direba ya rage gudu. Rani ya fara cinsa, yashi ya fi ruwan yawa, masu tifa suna ɗiba, wasu 'yan lambu sun kafa injin a bakin wani ɗan gurbi.

Kafin mu rabu da dattijon can na kwari na tambaye shi ko akwai abin da zan aiko masa daga Bauchi. Na zaci zai ce magani ko yadi. Yace in zan iya, in samo masa takalman roba irin na masu aikin kankare ko da ƙafa 5 ne sabida jikokinsa, da 'yan dashen maina a leda in damuna ta kusa, zai gwada su a bayan darni ko Allah zai sa su kama. Takalman na saya a Wunti satin da ya wuce, ƙafa 6 na samu, suna shagon Kawu cikin buhu an rubuta sunan ƙauyen a jiki. Dashen kuma na zuba iri a ledojin fiya wata guda 40 a bayan ɗakin Inna, ita take zuba musu ruwa in na fita aiki, jiya na duba 23 sun fito.